Wa Ya Kashe Ragunan Layya?

Tsakanin asuba da hantsin wata Litinin ragunan suka mutu. Sun haura arba'in, manya-manya, irin waɗanda in ka wuce ɗaya a turke sai ka sake waiwayowa. Babbar Sallah ta matso, kuma ba na Alhaji Isiyaku ba ne shi kaɗai. Yawancinsu na ma'aikatan Abuja ne masu haya a Suleja, mutanen da ko wurin shanya wando ba su da shi, balle na ɗaure rago. Sai su saya tun yana ƙarami, su ba Alhaji ya yi musu kiwo a gonarsa da ke bayan gari, ta hanyar Diko.

Datti aka aika wa. Shi ne mai bin sawun da aka sani tun daga Wambai har Izom. Tun yana saurayi yake bin shanun sata, har mutane kan ce ko kaza ta gifta ƙofarsa zai faɗa maka gidan da ta kwana. Yana jin daɗin wannan yabon fiye da yadda ya kamata dattijo ya ji.

Ya tarar mai unguwa ya tare mutane a bakin ƙofar gona, kowa na magana ba mai sauraro. Ragunan na kwance birjik, ciki a kumbure, kumfa a baki. Alhaji Isiyaku ya riƙo hannun Datti da hannu biyu.

"Malam Datti, an cuce ni. Guba aka sa musu. Ka nemo mini wanda ya shigo gonar nan."

An kwana ana ruwa, ƙasa ta yi laushi, duk abin da ya taka ta bayan ɗaukewar ruwan ya bar shaida. Datti ya zaga shinge kaf, bai ga inda aka tsallako ba. Ya dawo ciki. Daga siton abinci zuwa kwamin da raguna ke ci, tayar baro ce ta je ta dawo, a bayanta kuma sawun mutum ɗaya.

Abin da ya dace shi ne ya ja mai unguwa gefe ya raɗa masa. Amma idanu sun yi yawa a kansa, kowa ya yi tsit yana jiran bakin Datti, shi kuwa yana son irin wannan shirun. Sai ya ɗaga murya.

"Ba wanda ya shigo daga waje. Mutum ɗaya ne ya kusanci abincin nan tun bayan ruwa. Takalmin roba ne da shi, ƙafarsa ta hagu tana ɗan buɗewa in yana tafiya."

Ba sai ya faɗi suna ba. Gidiyon, mai kula da ragunan, yana tsaye a gefe da takalmin robarsa, idanunsa sun yi ja don kuka. Wani ya ruga ɗakinsa da ke bayan shinge, ya dawo da buhun takin yuriya a kafaɗa. Daidai lokacin likitan dabbobi ya ɗago daga kan wani rago ya ce, daga alama, yuriya ce ta yi musu yawa.

Shi ke nan. Jama'a suka far wa Gidiyon. Kafin mai unguwa da 'yan sintiri su ƙwace shi, an karya masa ƙafa.

*

Da rana Datti yana ba matarsa Luba labari, yana ɗan ƙara gishiri a inda ya shafe shi. Ta ajiye masa kwano ta tsaya.

"Malam, cewa ka yi sawunsa ne, ko cewa ka yi shi ya kashe su?"

"Sawunsa na ce."

"To su mutanen me suka ji?"

Datti ya jawo kwanon. Ya yi loma biyu, ya ture tuwon gefe. Ya wanke hannu ya nufi ofishin 'yan sintiri.

Gidiyon na kwance a kan benci, mai ɗori ya ɗaure ƙafar da karare. Mutumin Izom ne, ya shekara da shekaru a gonar, shi da matarsa da 'yarsu ƙarama. Da ya ga Datti sai ya yi yunƙurin tashi ya gaishe shi, abin da ya fi zagi yi wa Datti ciwo.

"Kwanta, kwanta. Gaya mini gaskiya, kai ka ba su abincin?"

"Ni na ba su, Baba. Amma ba ni na haɗa ba."

"Ita yuriyar me ya kai ta abincin dabba?"

"Kullum ana sawa, Baba. Dusa, da baƙin maɗi na rake, sai yuriya kaɗan, kamar gishiri a miya. Tana sa su ƙiba. In ta yi yawa kuwa ta kashe, kuma maɗin yana ɓoye ɗacinta, ba za su ƙi ci ba. Shi ya sa Oga ya kawo kwamfuta. Ka rubuta mata nauyin dusa, ta gaya maka yuriyar da za ka zuba."

"Wa ke rubutawa?"

"Ni. Amma jiya Lahadi na tafi coci, sai yamma na dawo. Na samu an haɗa an tara a sito. Na ce Oga ya taimake ni ke nan. Har godiya na yi niyyar yi masa."

"Buhun da aka samu a ɗakinka fa?"

Gidiyon ya juyar da fuska bango. "Na masarata ne. Tana nan bayan shinge, ka je ka gani, ganyen ya fara rawaya. Yau na so in sa mata, tunda an yi ruwa."

A hanyar komawa Datti ya yi ta juya abin da tun da safe ya kamata ya tuna. Ruwa yana ba mai bin sawu ƙasa mai kyau, amma sai ya goge duk wanda ya taka ta kafin ya sauko. Litinin ya karanta wa mutane. Lahadi ba wanda ya tambaye shi, shi ma bai tambayi kansa ba.

*

Alhaji Isiyaku ya karɓe shi a ƙofar gida, ya sa aka kawo ruwan sanyi.

"Ƙarya yake yi, Malam Datti. Tun ranar Asabar ya haɗa abincin nan. Ni jiya ko hanyar gonar ban bi ba."

"Me zai sa mutum ya kashe dabbobin da yake ci daga jikinsu?"

"Sa shi aka yi. Ka binciki Hashim. An gan shi yana leƙe ta shingena."

Hashim shi ma kiwon raguna yake yi, kuma kowa ya san ba sa ga maciji da Alhaji. Datti ya same shi washegari yana yi wa wani rago wanka da sabulu, kamar wanda za a kai gidan surukai.

"E, na leƙa," in ji Hashim, ko kunya babu. "Ranar Asabar. An ce yana da wani farin rago da ya fi nawa, na je in gani da idona."

"Sai ka ga me?"

"Sai na ga ya fi nawa. Na ji haushi, na dawo gida na yi wa yarana faɗa. Iyakar laifina ke nan. Ran Lahadi kuwa ina kasuwar Izom tun safe, mutum ɗari za su shaide ni."

Datti ya dubi ƙafafunsa, manya kamar faranti. Bai ga irinsu a ko'ina cikin gonar ba, kuma wanda zai shiga sito sai da makulli. Makullan biyu ne, ɗaya a wuyan Gidiyon, ɗaya a aljihun Alhaji.

*

Saura kwamfuta. Datti bai taɓa bin sawun irin wannan dabbar ba, don haka ya nemi wanda ya koya mata lissafin. Aka ce wata yarinya ce, Hamdiyya, 'yar Kano, tana aiki a Abuja tana haya a nan Wambai. Ya jira ta da yamma har ta sauko daga mota, jaka a baya, gajiya a fuska.

Suka zauna a dakalin ƙofar gidan. Ta ji labarin ragunan, amma ita ma guba aka ce mata.

"'Yata, yi mini bayani kamar kina yi wa kakanki. Yaya abin nan yake aiki?"

Ta yi murmushi. "Manhaja ce ƙarama na rubuta wa Alhaji, Baba. A fuskar kwamfutar akwai wani akwati. Ka rubuta kilo nawa ne dusar, ka danna, sai ta nuna maka yuriya. Kilo ɗaya a kowane ɗari."

"In mutum ya yi kuskure fa?"

"Ai na sa wa akwatin mai gadi. In ka rubuta harafi ba zai karɓa ba. In ka bar shi wayam ba zai karɓa ba. In lambar ta wuce abin da ake iya haɗawa a sito lokaci guda, sai akwatin ya yi ja, ya ce ka sake dubawa. Ba yadda za a yi..."

Sai ta tsaya. Datti ya ga murmushin ya zube daga fuskarta.

"Innalillahi," ta ce a hankali.

"Faɗi, ina jin ki."

"Watan jiya Alhaji ya ƙaro raguna, ya so a haɗa abinci mai yawa, akwatin ya ƙi. Ya kira ni ina cikin mota, go-silo ya riƙe mu a Zuba, yana ta faɗa. Wai shi da gonarsa akwati zai ce masa a'a. Wallahi Baba kaina ciwo yake yi ranar. Sai na gaya masa inda zai danna ya kashe gadin gaba ɗaya. Na ce Asabar zan zo in ɗaga iyakar in mayar da shi." Ta rufe baki da mayafi. "Asabar nawa ta wuce, ban je ba."

"Yanzu in mutum ya rubuta dubu?"

"Zai karɓa. Ko miliyan ya rubuta, ba zai ce masa komai ba."

Datti ya ji tausayinta, don ya san irin nauyin da ta fara ɗauka. Shi ma da nasa ya zo.

*

Da safe mai unguwa ya sa Alhaji Isiyaku ya buɗe musu ɗan ofishin da ke jikin sito. Alhaji ya buɗe yana mita.

"Me za ku gani a ciki? Kwamfutar ta jima ba ta aiki. Allon madannanta ma ya ɓata tuni."

Hamdiyya ta nufi kwamfutar. Datti kuwa tebur ya tsaya kallo. Garin dusa ya lulluɓe shi ko'ina, sai wuri ɗaya mai kusurwa huɗu da yake tas, ƙurar ba ta ko fara sauka a kai ba. Abin da ya zauna a nan bai jima da tashi ba. A gefen wurin akwai ɗigon wani abu baƙi, kiyashi sun kewaye shi.

Ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara. Kiyashin daga tsagar bango suke fitowa, sai suka rabu biyu. 'Yan kaɗan suna hawa ƙafar tebur. Mafi yawa sun bi gindin bango, sun fita ta ƙarƙashin ƙofa. Datti ya bi su a sunkuye, dattijo da furfurarsa yana bin kiyashi, har mai unguwa ya so ya yi dariya. Suka zaga bayan sito, suka shige cikin tarin tsofaffin buhuna.

Ya sa hannu ya zaro allon madannai. Maɗi ya ɗanƙare a gefensa na dama, wajen lambobi, kiyashi sun yi masa baƙi. Ya danna sifili da ɗan yatsa. Madannin ya nutse, ya maƙale, sai can ya ɗago a hankali.

A gaban buhunan akwai sawu ɗaya da ya nutse a laka, lakar ta bushe ta riƙe shi. Takalmi ne sau-ciki mai tsinin baki. An taka shi ne ƙasa tana da danshi, wato ranar Litinin, kuma a kan sawun 'yan kallo ya hau, ba su suka hau shi ba. Lokacin nan Gidiyon na kan benci da karyayyar ƙafa.

Datti ya gane takalmin. Wannan karon bai ɗaga murya ba. Ya ja mai unguwa gefe ya raɗa masa.

*

Bayan La'asar aka taru a rumfar gonar: masu ragunan, da Hashim, da Hamdiyya, da shugaban 'yan sintiri, da Alhaji Isiyaku. Datti ya duba bai ga Gidiyon ba. Shugaban 'yan sintiri ya ce tun jiya mutanen cocinsu suka tsaya masa aka mayar da shi ɗakinsa, saboda ƙafar ta kumbura.

Hamdiyya ta ɗora kwamfutar a kan benci, ta haɗa mata allon da aka tsinto. Alhaji ya kalli allon sau ɗaya ya kawar da kai.

"Jama'a," in ji Datti, "ranar Litinin na faɗa muku sawun da na gani, kuka ɗauki hukunci. Yau ba zan faɗi komai ba. Ku gani da idonku. Alhaji, dusa kilo nawa aka haɗa wa ragunan nan?"

"Ɗari biyu."

"Taimaka ka rubuta mana."

"Ni ban saba da abin nan ba."

"Alhaji, rubuta," in ji mai unguwa.

Alhaji ya matso. Ya danna biyu, ya danna sifili, ya sake danna sifili. Madannin ya maƙale, kafin ya ɗago wani sifilin ya ƙaru. Dubu biyu. Akwatin bai yi ja ba, bai tambayi kowa komai ba. A ƙasansa ya nuna yuriya kilo ashirin, inda ya kamata a ga biyu.

Hamdiyya ce ta fara magana.

"Da gadin na nan da ba ta karɓa ba. Ni na ce ya kashe shi. Wannan nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba."

"Mun ji naki," in ji Datti. Ya juya ga Alhaji. "Maɗi bai hau allon nan da kansa ba. Wanda ya danna shi yana tsakar haɗa abinci ne, hannu duk maɗi, kuma bai taɓa auna yuriya ba balle ya ga ta yi yawa. Wanda ya ɓoye shi kuma yana da makulli, kuma ya bar mini takalminsa a laka. In kana so mu je mu gwada."

Alhaji Isiyaku ya zauna a kan buhu. Ya cire hula ya riƙe.

"Abincin ne ya ƙare ranar Lahadi, yaron ba ya nan. Na ce ai ba wani abu ba ne, kwamfuta za ta gaya mini. Abin da ta ce shi na zuba." Ya share fuska. "Sai ran Litinin da na shiga na ga lambar tana nan a kan fuskarta. Na fito zan faɗa, na tarar an riga an kwantar da shi ana duka. Na ga idanunku. Wallahi tsoro na ji."

Wani daga cikin masu ragunan ya miƙe da zagi, mai unguwa ya daka masa tsawa. "Zauna! Kai ne na gani da gora ranar nan." Mutumin ya zauna. Ba wanda ya sake tashi, don kusan kowa a rumfar yana da inda zai sunkuyar da kai. Hashim ma, da ya zo don ya ga ƙarshen abokin gabarsa, ƙasa ya kafa wa ido.

Aka fara maganar 'yan sanda da kuɗin asibiti da wanda zai je ban haƙuri. Datti bai tsaya ji ba. Shi ya fara ɓata sunan Gidiyon, shi yake so ya fara kai masa labari.

*

Ƙofar ɗakin a buɗe take. Ba tabarma, ba tukunya, sai takalmin roba guda biyu a jingine da bango.

Datti ya fito ya dubi ƙasa. Da sassafe suka tafi, raɓa ba ta bushe ba lokacin. Ga sawun matar, ya nutse saboda kayan da ta ɗauko. Ga na yarinyar, yana gaba yana dawowa. Ga ƙafa ɗaya ta namiji ba takalmi, da ramin sanda a gefenta.

Ya bi su. A bakin 'yar gonar masarar sawun namijin ya tsaya. Ramin sandar ya yi zurfi a nan, yatsun ƙafar suna fuskantar shukar. Ya jima a tsaye. Daga nan suka miƙe har bakin kwalta, inda motocin Diko ke tsayawa, sawun ya ƙare.

Datti ya kira lambar wayar Gidiyon da aka ba shi, waya a kashe. Ya tambayi masu shayi da 'yan acaba, wani ya ce motar Izom suka shiga, wani ya ce ta Kaduna. Ya tsaya a bakin titin yana kallon motoci, baƙin ciki ya cika shi. Shekara da shekaru ana yabonsa da nemo abin da ya ɓata, ga shi yau shi ya ɓatar da mutum da bakinsa.

Ya koma ofishin 'yan sintiri ya ce a ba shi buhun takin da aka ajiye a matsayin shaida. Suka ba shi, ba wanda ya tambaye shi dalili. Ya ɗora a kan acaba har bayan shingen.

Ganyen masarar ya yi rawaya kamar yadda Gidiyon ya faɗa. Hadari ya fara haɗowa daga gabas. Datti ya naɗe hannun riga, ya kwance bakin buhun, ya shiga bin kunya-kunya yana tona gindin kowace shuka, yana zuba mata kaɗan.